Ƙafar Nako Shambe

Tun da na dawo daga aikin soja a Maskat na kafa teburin shayi a bakin layinmu a unguwar Liyari ta birnin Karaci, Nako Shambe bai taɓa fashin zuwa ba, kuma bai taɓa canza labari ba. Zai ɗaure jakinsa a jikin falwaya, ya zauna a bencin da ya riga ya lotsa daidai mazauninsa, ya kurɓi shayi sau biyu, sannan ya fara. Almajiran ɗinkin da ke gefena sun haddace labarin har suna riga shi faɗar wasu wurare.

Labarin shi ne, a zamanin da bidiyo ya fara shigowa Karaci, mutanenmu Shidi, baƙaƙen wannan gaɓar teku, sun yi wani gagarumin taron kiɗa a filin ƙwallon da ke bayan gidan ƙanƙara. An zo daga Makran, an zo daga ƙauyukan cikin Sindh, kowane ayari da gangunansa da mawaƙansa da tsofaffin matansa masu guɗa. A ranar ƙarshe aka fito da mugarman, doguwar gangar kakanninmu mai ƙafafu, wadda a tsaye ake kaɗa ta, ba takalmi, da kaskon turare a gindinta. Ustazun kiɗan, wato babban gwanin, da aka ɗauko takanas daga Makran don ya kaɗa ta ya yi wa jatan landen Karaci cin rashin tausayi, cikinsa ya juya ana dab da farawa. Aka waiga aka rasa wanda zai tsaya, sai saurayin da ya ɗauko gangar a amalanken jakinsa. Wannan saurayi, in ji Nako Shambe, shi ne.

"Na kaɗa har tattabarun saman gidan ƙanƙara suka sauko suka zauna suna saurare," in ji shi.

"Bara ka ce hankaki ne, Nako," in ji Washdil wanzami, wanda shagonsa ke kallon teburina, aikinsa kuma bai wuce aski da tsokana ba.

"Hankakin ma sun zo. Kai ne dai ba ka zo ba, lokacin kana yawo ba wando."

Ni ba zan iya ba da shaida ba, domin a lokacin ina can ina fareti a rana. Taron dai an yi shi, wannan tsofaffi ba su musa ba, amma sau ɗaya aka yi. Masu shiryawa suka ɓata a kan wanda zai zauna a kujerar gaba, filin ya zama wurin ajiye manyan motoci, rabin samarin suka tafi ci-rani ƙasashen Larabawa, shekarun harbe-harbe kuma suka watsa sauran. Ga wani abu da ba mu cika son faɗa ba: a wancan zamanin, wanda duk ya samu aikin ofis a cikinmu, abu na farko da yake yi shi ne ya manta kakarsa ta iya rawa. Ana kiranmu Shidi a bas kamar zagi, sai mu ma muka riƙa ɓoye gangunanmu a ƙarƙashin gado. 'Yan tsirarun da suka halarta kuma suke raye, in ka tambaye su wa ya kaɗa babbar ganga, sai su ce ai ustazun Makran ne mana, wa kuma zai kaɗa.

Ranar Asabar aka haife shi, shi ya sa aka sa masa Shambe, wato Asabar da harshenmu, kuma uwarsa ta ce ko a zanin goyo dukan bayanta yake yi da tafin hannu. Ubansa masunci ne, amma shi teku na sa shi amai, don haka ya zaɓi jaki. Aikinsa ɗaukar ƙanƙara daga gidan ƙanƙara zuwa bakin ruwa inda jiragen kifi ke sauke kaya, ya dawo da kwandunan kifi zuwa kasuwa. Jakuna ya yi su da yawa, kuma kowanne Sardar yake kiransa, wato sarki, wai don kada sabon ya ji an rage masa daraja. Ya taɓa shiga tseren amalanke ya zo na biyu, abin da har yau yake dangantawa da wani kare da ya gitta. A wajen aikin nan ne wata shekara dutsen ƙanƙara ya zame ya faɗo masa a ƙafar hagu, ya tafi da ƙaramin yatsa. Ya ce bai ji zafi ba saboda sanyi, sai da ya ga yatsan a ƙasa ya gane nasa ne.

Abin da ya fi kashe masa labari shi ne babu wanda ya taɓa ganin ya taɓa ganga. Dalilin kuwa yana cikin gidansa. Matarsa, Masi Durnaz, 'yar Waja Pir Baksh ce, magatakarda a tashar jiragen ruwa, mutumin da ke shafe gashinsa da mai kullum safe don ya kwanta, kuma bai yarda a ambaci ganga a gidansa ba. Durnaz ta kori manema masu takalmi mai sheƙi ɗaya bayan ɗaya, ta kafe sai mai jaki, abin da ya ɗaure wa unguwa kai. Da uban ya gaji, sai ya kira Shambe ya ce zai ba shi, amma da sharaɗin hannunsa ba zai ƙara sauka a kan fatar ganga ba. Shambe ya ɗauki alkawari, ya kuma riƙe shi, har bayan da tsohon ya kwanta dama. Iyakarsa ya riƙa ƙwanƙwasa katakon amalanke da yatsu in yana jiran lodi.

Za ka zaci matar da aka yi wa wannan sadaukarwa za ta tsaya wa mijinta. Ina. Ita ce shugabar masu ƙaryata shi. Duk safiya takan aiko ko ta zo da kanta karɓar madara, in ta tarar yana cikin labarin sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Yau kuma wa ka samu, uban Granaz? Ku yi haƙuri da shi, bayin Allah, jakinsa ma ya gaji da ji."

"Ke da ba ki je ba, me kika sani?"

"Ban je ba, kuma ban yi asara ba. 'Yar gidan mutunci ce ni, ina ɗaki ina tsintar shinkafa."

Sai ya yi dariya tare da kowa, amma ni da nake tsaye kusa da shi ina ganin yadda yake juya kofin a hannunsa. Abin yana cinsa. Wata rana da benci ya watse ya ce da ni, "Lala, jikokina sun ɗauka kakansu jaki kawai ya sani. Ba na son in mutu suna ba da labarina suna dariya." Sai na ƙara masa shayi.

Ana nan sai ga Mahikan, jikar marigayi Dilmurad mai ɗaukar bidiyon biki. Yarinyar ta yi karatun harhaɗa fim, tana yawo da kyamara a kafaɗa da gashinta a tsefe ya yi tum kamar kwando, ba ta shafa masa komai, iyayen unguwa suna ta salati. Da kakarta ta rasu ana raba kaya, sai aka tarar da wani tsohon kaset a ƙasan akwatin barguna. Duk ya yi fumfuna. Ta kai wa masu gyara suka yi ta fama, da hoto ya fito sai ga filin bayan gidan ƙanƙara cike da baƙaƙen mutane cikin fararen kaya. Dilmurad ya dawo daga Dubai da sabuwar kyamara a shekarar, ashe shi ya ɗauki taron.

Ta ce za ta yi fim a kan taron da aka manta. Ta bi tsofaffi gida gida tana yi musu tambayoyi, wasu suka saki baki, wasu suka ce su 'yan ƙabilar Baloch ne zalla, ba Shidi ba, ba su san zancen ba. Masi Durnaz ta rufe mata ƙofa da cewa wanda bai je wuri ba me zai faɗa. Nako Shambe kuwa sai da batirin kyamarar ya mutu yana magana.

"Nako," ta ce da shi a teburina, "akwai 'yar matsala a ƙarshen kaset ɗin, gara in gaya maka tun yanzu."

"An ɗauki babbar ganga ko ba a ɗauka ba?"

"An ɗauka, amma..."

"To shi ke nan, 'yata. Kada ki nuna mini, kada ki nuna wa kowa. A gaban jama'a nake so, ga Washdil a layin gaba."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya riga ya kwance jaki. Daga ranar ya shiga shiri kamar ango. Ya ɗinka sababbin kaya, ya sa wa gemunsa lalle ya yi jawur, ya bi dangi har na bayan gari yana gayyata. Ya aika wa 'yarsa Granaz ta kawo yaran duka, har da na goye. Sardar ma an yi masa wanka.

A kulob ɗin damben unguwa aka yi majigin, bayan la'asar, aka toshe tagogi da barguna, aka rataya farin zanin gado a jikin igiyar fagen. Maza a gaba, mata a baya, yara a ko'ina. Masi Durnaz ta zauna a bakin ƙofa, ta ce ta zo ne kawai don ta raka shi gida in ya sha kunya.

Da hoto ya fito, sai wurin ya kaure. Ban taɓa ganin mutanenmu da yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma babu mai sunkuyar da kai. Ga ayarin Makran da tutocinsu, ga matan Sindh da tulunan da suke kaɗawa, ga samari suna tsalle sama da kan mutum. Mutane suka fara kiran sunayen matattu. Wata ta ce ga babanta can da rawani a karkace, wani ya ga yayansa da teku ta cinye yana cin ƙanƙarar sikari yana dariya. Wani dattijo da ya rantse wa Mahikan shi Baloch ne zalla ya ga uwarsa tana juyi a tsakiyar fili, ya cire tabarau ya yi ta goge shi da gefen riga. Ni kaina na ga ƙanwata tana 'yar budurwa.

Sai ga ustazun Makran ya gitta, ƙato, da sarƙar azurfa a wuya, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Ga mara lafiyarka nan, Nako," in ji Washdil. "Ka ga yadda ciwo ya rame da shi."

"Jira dai. Jatan landen bai fara aiki ba."

Aka nuno mugarman a tsakiyar fili, lulluɓe da koren mayafi. A al'adar unguwarmu tsohuwa ce ke yaye mayafin, kuma daga lokacin da ta yaye, makaɗi ba ya tsayawa ko me ya same shi, sai ta dawo ta mayar. Tsohuwar ta matso, ta kama bakin mayafin, Nako Shambe ya miƙe tsaye a cikin sababbin kayansa. Aka ji dukan farko, mai nauyi, irin wanda kake ji a ciki kafin kunne. Hoton ya yi rawa. A duka na biyu ya karkace, muka ga sama, muka ga rufin gidan ƙanƙara, sannan kyamarar ta sauka a ƙasa a hankali. Wasu ƙafafu biyu suka fito daga bayanta, suka tuɓe takalmi, suka shige fili da rawa.

Dilmurad ne. Da Bature aka ɗauko ko wani ɗan cikin gari, da ya tsaya ya yi aikinsa. Amma namu aka ba kyamara, kuma ba a haifi Shidin da zai ji mugarman ya tsaya riƙe da akwati a kafaɗa ba. Kulob ɗin ya fashe da dariya, mata suna tafawa, Mahikan ta rufe fuska tana cewa Allah ya jiƙan kakanta. Daga nan har ƙarshen kaset babu abin da ake gani sai ƙafafu: ƙafafun gangar, kaskon turare a gindinta, ƙafafun makaɗin a bayanta, da na masu rawa suna shiga suna fita cikin ƙura.

Kiɗan kuwa, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Dariyar ta mutu da kanta. Tsofaffi suka fara kaɗa kai, yaran da ba su taɓa jin irinsa ba suka daina guje-guje. Ko wane ne ke bayan gangar nan, ya san abin da yake yi.

"Ni ne," in ji Nako Shambe, muryarsa ta yi ƙasa. "Ƙafafuna ne waɗannan."

"Kowa ma yana da ƙafa, Nako."

Sai ya yi abin da bai kamata ba. Ya tuɓe takalmi, ya je gaban zanin ya ɗaga ƙafarsa kusa da hoton don a gwada. Tsohuwar ƙafa ce mai faso, wadda ta sha ruwan ƙanƙara da kwalta. Ta cikin hoton kuwa sumul, ta saurayi.

"Waccan yatsunta biyar, taka huɗu," in ji Washdil. "Ko aron ɗaya ka yi ranar?"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Ya san kowa ya san yatsan daga baya ya tafi, ya kuma san hakan bai tabbatar da komai ba. Ya waiga wajen jikokinsa, babban cikinsu ya sunkuyar da kai yana wasa da waya. Na ji tausayinsa ƙwarai, tsoho da jan gemu tsaye da takalmi ɗaya a hannu, hasken majigi yana bin rigarsa.

"Kauce daga gaban hoton, uban Granaz," aka ce daga bakin ƙofa. Masi Durnaz ce, ba ta ko tashi ba. "Ku dubi kaskon turaren. Yanzu wani mai jan wando zai yi tsalle ya buge shi, garwashi zai gangaro ya tsaya a kan ƙafarsa ta dama."

Kowa ya juya ya dube ta, sannan ya koma kan zanin. Masu rawa suka yi ta wucewa. Har Washdil ya buɗe baki, sai ga jan wando ya diro, kaskon ya tuntsure, garwashi ja ya mirgino ya tsaya a bayan ƙafar makaɗin. Muka ga yatsun sun ƙanƙame ƙasa, ƙafar tana karkarwa, amma ba ta ɗaga ba, kiɗan kuma bai yi ko tuntuɓe ba. Sai wata siririyar ƙafa mai sarƙar azurfa ta shigo daga gefe, ta sa babban yatsa ta ture garwashin, ta bi shi ta murje shi a ƙasa. Ba ta koma baya ba. Ta tsaya nan gaban gangar tana rawa har tsohuwa ta mayar da mayafi.

"Masi, wallahi ban nuna wa kowa wurin nan ba," in ji Mahikan. "Ya aka yi kika sani?"

Masi Durnaz ta zare silifa, ta miƙo ƙafarta cikin haske. Duk matan unguwa sun san tabon da ke babban yatsanta, wanda ta ce murhun uwarta ne ya yi mata.

"Shinkafar da kike tsinta ke nan," in ji wata tsohuwa, mata suka kwashe da shewa.

Nako Shambe bai yi dariya ba. Da ido a rufe yake kiɗa, bai taɓa sanin wanda ya cire masa wutar ba, a labarinsa ma cewa yake waliyyi ne. Ya tako har bakin ƙofa da takalminsa a hannu.

"Uwar Granaz, shekara nawa ina shan dariya a gabanki?"

"Ta katanga na fita da mayafin mai aikinmu. Da na gaya maka, kafin azahar Baba ya ji a ofis, bakinka ba ya riƙe ko ruwa."

"Baba ya daɗe a ƙasa."

Ta gyara bakin mayafinta. Da ta yi magana, a hankali ta yi, amma wurin ya yi tsit har muka ji.

"Saboda kiɗan nan na kori kowa na ce sai kai. Kuma saboda ni ka ajiye shi. In na ce na ji, sai in yarda na san abin da na raba ka da shi. Gara in ce ƙarya kake yi, ya fi mini sauƙin ɗauka."

Nako Shambe ya ajiye takalminsa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauki silifarta ya sa mata a ƙafa. Babban jikan nan mai waya shi ya zo ya kama shi ya miƙe, ya ce, "Kaka, a mayar da wurin garwashin mu sake gani." Aka mayar har sau ba adadi, Washdil yana gaba yana cewa shi dama tun da can ya ga alamar makaɗi a tafiyar Nako.

Fim ɗin Mahikan ya fita, an nuna shi a wurare, ta bar wurin ƙafafun yadda yake ba ta yanke ko kaɗan ba. Samarin unguwa sun je sun zaƙulo mugarman daga ɗakin da aka jingine ta, sun sa mata sabuwar fata, suka zo har teburina suna roƙon Nako ya koya musu. Ya ce alkawari ya ɗauka, mai alkawarin kuma ba ya nan balle ya warware masa. Masi Durnaz ta ce ita ce 'yar mai alkawarin, ta warware, in da zunubi a rubuta mata. Yanzu duk Juma'a da yamma yana can yana yi musu faɗa, hannunsa ya yi nauyi amma kunnensa bai tsufa ba.

Har yau yana zuwa shan shayi, har yau yana ba da labarin, sai dai tattabaru da hankaki sun fita daga ciki. Yana kaiwa wurin garwashin sai ya tsaya, ya kalli hanyar da Masi Durnaz take biyowa in za ta karɓi madara, ya bar shayin ya huce a hannunsa.